Daga Bakin Ƙofar Mama

Maƙwabcinmu a Pleasant Garden, kusa da birnin Greensboro a Amurka, tsoho ne ɗan Italiya. Mun daɗe muna gaisawa ta saman shinge ban san sana'arsa ba. Da na ga rigarsa kullum da ɗigon fenti, sai na yanke hukuncin mai fentin gidaje ne da ya yi ritaya, kuma ban tambayi kowa ba, don ni ba na son a gyara mini zance. Sai ranar da motata ta ƙi tashi, na je roƙon ya ara mini wayar batir, na leƙa garejinsa. Babu mota a ciki. Hotuna ne jingine da bango, wani a bayan wani, duk na tsaunuka da gonaki da hanyoyin ƙauye, kuma da hannunsa ya zana su.

Daga ranar muka saba. Ya ba ni labarin ƙauyen da aka haife shi, a gefen tsauni, cikin itatuwan zaitun. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a gona, shi kuwa sai ya zauna a kan dutse yana zana gonar maimakon ya nome ta, har ya sha duka a kan haka. Matarsa ce ta jawo shi Amurka. Ya yi shekaru a masana'antar kujeru yana zana furanni a jikin kabad don su ci abinci, ran Asabar kuma ya ɗauki kayansa ya shiga daji. Ya ce akwai manyan gidaje a Irving Park, unguwar masu kuɗi, da hotunansa ke rataye a falo, masu gidan ba su san yana raye ba. Matar ta rasu, ba su haihu ba. Na tambaye shi ko ya taɓa zana cikin ɗaki. Ya yi dariya ya ce ɗaki wurin barci ne, me zai zana a ciki?

A shekarar Mama ta zo zama da mu bayan rasuwar Baba. Mu Hausawa ne Kiristoci daga wajen Malumfashi, kuma Mama mutuniyar da ce ta gasken gaske. Na aika mata cewa ta cika akwati da kayan sanyi. Da muka buɗe akwatin a Greensboro, kwanuka ne a ciki: kwalla da langa da samira, har da tasar da kakata ta ba ta ranar aure, kowanne a naɗe cikin zane. Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ta sa mijina ya kafa mata katako a bangon ɗakinta, ta yi jerenta kamar yadda yake a gida, manya a ƙasa, ƙanana a sama.

Wata rana tsohon ya kawo mana tumatir ɗin lambunsa. Ƙofar Mama a buɗe take, hasken hantsi ya faɗo a kan jeren. Ya tsaya a falo da kwando a hannu, ya zuba wa jeren ido. Da na raka shi waje ya faɗa mini abin da bai faɗa wa kowa ba: idonsa na tafiya. Likita ya ce ba gyara. Nesa ta riga ta ɓace masa, shi ya sa ya daina zuwa daji, na kusa ne ya rage, shi ma ba zai daɗe ba. Yana so ya zana ɗakin nan kafin ganin ya ƙare. Ya roƙe ni kada in gaya wa Mama maganar idon, don ba ya son a buɗe masa ƙofa saboda tausayi.

Na kai wa Mama saƙon, ta dube ni kamar na sha wani abu.

"Namiji baƙo ya shigo ɗakina? Ina gwauruwa? Ke kam Amurka ta gama da ke."

"Mama, artist ne fa, mai zanen hoto. Jerenki kawai zai zana."

"Ko fasto ne, a falo yake tsayawa."

Mijina ne ya raba gardamar. Ya ce ai ba sai tsohon ya shiga ba, a ajiye masa kujera a bakin ƙofa, ƙafarsa a waje. Mama ta ce wannan kam babu laifi, amma a bar ƙofar falo a buɗe.

Haka aka fara. Yakan zo da hantsi, ya kafa allonsa a bakin ƙofa, Mama ta zauna can gefen gado tana tsefe zaren saƙarta. Ba ta jin Turanci, shi ba ya jin Hausa, amma hira suke yi, kowa da tasa. Takan miƙo masa kunu a kofi, ta ajiye daidai bakin ƙofa ta koma. Ban taɓa ganin takalminsa ya tsallake layin kafet ɗin da ke bakin ƙofar ba.

Matsalar daga Mama ta fito, kuma da kyakkyawar niyya. A wurinta, tunda baƙo zai kalli jerenta, abin kunya ne ya gan shi da ƙura. Kowace safiya sai ta sauke kwanukan duka, ta wanke, ta goge, ta sake jerawa, kuma kullum da sabon tsari. Langar da ya zana jiya a dama, yau tana hagu. Shi kuma sai dai ya shafe ya sake. Ina dawowa daga aiki in ga allon bai matsa ba, in ga kuma hancinsa na ƙara matsowa kusa da shi. Ran da na ga ya dangwala burushinsa a kofin kunu maimakon ruwa, haƙurina ya ƙare. Da ya tafi na shiga wurin Mama na zayyane mata komai, alƙawari ko ba alƙawari.

Ta juya ta dubi jeren. Can ta ce, "Wato duk wankin da nake yi, kwanakinsa nake ci."

Daga ranar ba ta sake taɓa jeren ba. Wanda bai san Mama ba ba zai gane girman abin ba. Matar da ba ta iya barci da cokali ɗaya a kwanon wanke-wanke, ita ce ta zauna tana kallon ƙura na sauka a kan tasar aurenta, hannunta a cinya. Na tausaya mata, na kuma ji kunyar faɗan da na yi mata ranar akwati.

Aiki ya yi sauri. Kwallaye suka fito, katakon ya fito, gefen gado da zanen da ke kai, hasken taga a ƙasa. Ya zana jeren kamar yadda ya saba zana tsaunukansa, hawa bisa hawa, rana na bugun na sama. Saura tasar kaka, da ke can ƙurya a layin ƙarshe, inda ya fi nisa da ƙofa. Ya zo ya zauna ya zuba wa ƙuryar ido har rana ta bar tagar. Washegari ma haka. Daga nan ya ajiye burushi, ya ce da ni in gaya wa Mama ya gode, amma ƙuryar ta tafi. Ya san akwai abu a wurin, ba ya ganinsa. Ya fara tattara kayansa yana laluben murfin fenti.

Na fassara wa Mama. Ta tashi ta gyara ɗaurin kallabinta, ta zo bakin ƙofa.

"Ce masa ya cire takalmi."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta maimaita. Ya cire, safarsa ɗaya da huda a babban yatsa. Mama ta kama hannun rigarsa, ba hannunsa ba, ta ja shi ya tsallake layin kafet ɗin. Ta kai shi ƙurya, ta sauko da tasar da ƙurarta, ta ɗora masa a tafin hannu. Ya shafa bakinta, ya bi zanen da maƙeri ya yi a jiki da yatsa, ya kai ta dab da idonsa yana juyawa. Hawaye na bin gemunsa, Mama ta kau da kai ta bar shi.

Hoton yana falonmu yanzu, tsohon ne ya ce a nan zai zauna. Masu zuwa sukan ce tasar ƙuryar ta fi sauran girma, kuma ta ɗan karkace. Gaskiyarsu ne, da hannu ya gan ta.