Amyar Zoila Ta Hau Tudu

Zoila Pilataxi 'yar kwari ce, inda ake noman rake da lemo. Aure ne ya hau da ita tudu, ƙauyen da gajimare ke shigowa har ɗakin girki. Watanta na farko ta sha wuya, duk abin da ta ci sai ya wuce, zawo kawai. Surukarta ce ta yi ta ɗura mata kunun masara daga tsohuwar tukunyar gidan har cikinta ya zauna. Shekara talatin tana roƙon mahaifinta ya hawo ya ga gidanta, kullum sai ya ce gwiwa na masa ciwo.

Da ya rasu aka raba gona, ita amyar ƙudan zumansa kawai ta ce a ba ta. Ta ɗora wa alfadari, yini guda suna hawa. Kafin sati uku ƙudan suka fara zawo, suna zubewa a bakin amya. Hankalinta ya tashi ƙwarai, don abin da ya rage mata na uba ke nan.

Maƙwabcinta Melchor, mai amya ashirin da bakin tsiya, ya leƙo ta shinge. "Maƙwabciya, ƙudanki irinki ne, 'yan hutu. Ki saƙa musu bargo mana."

"Ji da naka, masu zuma kamar ruwan wanki," in ji ta.

'Yarta Nélida, mai aiki a ɗakin bincike a birni, ta ɗebi ƙudan amyar uwarta da na Melchor ta tafi da su. Da ta dawo ta ce, "Mama, a hanjin ƙudan zuma akwai ƙananan halittu masu taya su narkar da abinci. Na Baba Melchor daban, naki daban. Furen tudu ba na kwari ba ne, ga sanyi."

"A ina suke samunsu?"

"Wurin manyansu, da jikin saƙar zumar da suka tashi a kai."

Zoila ta fashe da dariya. "Ashe kunun surukata ne."

Nélida ta ce a gwada sa musu saƙar ƙudan tudu, amma ita fa ba ta yi alkawarin za su warke ba. Zoila dai ta haɗiye girman kai, ta gasa masara, ta yanka cuku, ta nufi gidan Melchor. "Saƙa ɗaya nake roƙo, mai abinci a ciki."

"Ta masu ruwan wankin?"

"Ita fa."

Mutumin ya ja mata rai son ransa, sannan ya ba ta biyu. Ta kai ta saka su cikin amyarta.

Lokacin da itatuwan turare suka yi fure, amyar ta cika da ƙugin ƙudan zuma. Ranar da Zoila ta yanki zuman farko, ta lasa, ta ji babu ƙanshin lemon nan na gidansu, ɗanɗanon tudu ne zalla. Ƙwalla ta zo mata, dariya ma ta zo. Ta dafa murfin amyar mahaifinta ta ce, "To Baba, ka dai hawo."