Ranar da Akuya Ta Hau Benenmu a Kudai

A shekarar da aka rushe gidanmu na unguwar Nakkasa a Makka muka koma wani ɗan gidan haya a saman bene a unguwar Kudai, a shekarar ce kuma na fara karatun Amurka. Ba Amurkan na je ba. Jami'ar tana wata ƙasa can, ni kuma ina zaune a ɗakinmu a Makka da kwamfuta a cinya, malamai na magana ta cikinta. Fannin kuwa kwaɗo ne: yau tarihi, gobe siyasa, jibi a sa mu kallon fim, gata a tambaye mu abin da ya sa mutanen can ke son ƙatuwar mota. Baba, wanda direban bas ne a tashar Kudai, ya tambaye ni aikin da ake samu da wannan ilimi. Na yi masa dogon bayani. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Tayyib. Wato gulmar mutanen da ba su san ki ba."

Umma ko tambaya ba ta yi ba. Tun da muka bar Nakkasa ta zama wata iri. A can gidanmu ne matattarar matan layinmu, ba ka wucewa da yamma ba ka jiyo shewa da ƙarar ludayi ba. Da aka watse, kowa ta kama gabanta, Umma ta daina kiran kowa. Cewa take falon nan ko tabarma biyu ba ya ci, ina za ta zaunar da mutane? Kunya take ji a ga inda ta ƙare. Abin yana ci mini rai sosai, don ina kallonta tana ramewa a gaban talabijin.

Ana haka sai malamarmu ta darasin abinci da zamantakewa ta ba mu aiki. Ta ce Amurkawa suna da wata irin walima wadda mai gida ba ya dafa wa kowa. Kowane baƙo ne zai zo da kwanonsa, a jera a tebur, a ci tare. Ta ce kowa ya shirya irinta a inda yake, ya lura da abin da ya faru, ya rubuta. Na ji kamar don Umma aka ƙirƙiro al'adar, ga baƙi, ga shi babu wahalar girki. Na same ta tana ninke kaya na zayyana mata komai. "Tayyib, tayyib, ya binti," ta ce, wato "to, to, 'yata," idonta na kan talabijin. Ni dai a wurina izini ne.

Matan Nakkasa suna da rukuninsu a waya, wanda Umma ta daɗe da daina buɗewa. Nan na tura saƙon murya, kuma na yi shi yadda aka koya mana, ban rage komai ba. Na ce Umma na gayyatarsu azuma ranar Juma'a, wato walima a bakin mutanen Makka, amma kowa ta zo da abincinta, domin a gidanmu ba za a ɗora tukunya ba. Na ce za a fara bayan La'asar, a tashi da Magariba. Na ƙara da cewa wadda nata ya ragu ta koma da shi gida. Rukunin da ba ya yin shiru ko ana kiran salla ya yi tsit. Na ɗauka tunanin abin da za su dafa suke yi.

Ranar Juma'ar, Goggo ce ta fara zuwa. Ita ce babba a tsofaffin maƙwabtanmu, ba mu haɗa jini ba amma kowa Goggo yake ce mata. Bayanta ga surukinta yana nishi da buhun shinkafa a kafaɗa. Ta rungume Umma ta ƙi saki. "Sannu, 'yar nan. Duniya ce. Ba a kanku aka fara ba." Umma ta ɗago ido ta saman kafaɗar Goggo ta dube ni.

Daga nan aka ɓalle. Wannan da galan ɗin mai, waccan da katan ɗin kaji daskararru, wata da sukari da ƙwai. Wata ta sa an hawo da tukunyar gas, tunda an ce ba za a ɗora girki ba. Wata ta miƙo wa Umma fitila mai caji a ɓoye cikin mayafi, don ta gane cewa mutanen da ke sallamar baƙi da Magariba an yanke musu wuta ne. Ina tsaye kusa da teburin da na shimfiɗa wa leda mai furanni, ina jiran dafaffen abinci ko kwano ɗaya. Sai muka jiyo rigima a matakala. Wata maƙwabciyarmu ce ke jan akuya ta gaba, mijinta na turawa ta baya, akuyar kuma ta rantse ba za ta hau ba.

A wannan hali Baba ya dawo. Mazan da suka yi dakon kayan suka tare shi a bakin ƙofa, kowa na riƙe hannunsa fiye da kima. Wani ya raɗa masa cewa akwai shagon da ke neman mai gadi, in ba zai raina ba. Baba ya shigo yana waige-waige. "Esh fi? Me ya faru? Wa ya rasu?"

Umma ta fizgi hannuna sai kicin. "Esh gulti lahum? Me kika ce wa mutanen nan?" Na kunna mata saƙon. Tana ji tana dafe ƙirji. "Ni? Ni zan kira mutane azuma in ce su zo da abincinsu? Har in ce su kwashe ragowa? Aib! Wallahi kin binne ni da raina."

"Umma, al'ada ce fa. Har jarrabawa ake yi a kanta."

Baba ya leƙo ya ce a Kano ma ana ciyayya, amma maza ne a tabarmar ƙofar gida, bai taɓa jin an kira mace cikin gida an ce ta taho da tuwonta ba. Bai jira amsa ba ya zame ya tafi masallaci, alhali da sauran lokaci.

Umma ta gyara ɗaurin ɗankwali ta fita falo. Ta ce wa matan lafiyarmu ƙalau, Baba na kan aikinsa, wuta ma ga ta nan. "Yarinyar nan ce ke karatun Amurka. Wai haka suke walima a can."

Goggo ta juyo gare ni. "Su Amurkawan ne ba su da abin da za su ba baƙo?"

Na fara bayani kan daidaito da rage wa mai gida nauyi.

"Allah sarki," in ji mai akuya. "A talabijin kuwa ga su ƙattai. Ashe haka suke fama."

Nan take tausayin ya tashi daga kanmu ya koma kansu. Aka yi musu addu'a, aka shafa.

Umma ta roƙi kowa ta koma da kayanta. Goggo ta ce shinkafar da ta sha wahalar hawa benen nan ba ta sauka sai a cikin mutane. Kafin in ankara an farke buhu, an jiƙa kaji a ruwan zafi, an jona tukunyar gas ɗin da aka kawo. Wasu na yankan albasa a kan gadona, wasu sun zauna a matakala suna tsince shinkafa. Teburina mai furanni aka jingine shi a bango don yana tare hanya. Akuyar aka ɗaure ta a baranda, inda ta kama cin hannun rigar Baba da ke kan igiya.

Ina wanke tumatir na ji Goggo tana ce wa Umma, "Mun ɗauka kin hau bene kin fi ƙarfinmu. Da saƙon nan ya zo na yi kuka. Amma Allah Ya yafe mini, har da ɗan daɗi na ji, na ce ga dalilin zuwa ya samu."

"Falon ne ƙarami, Goggo."

"A Nakkasa fada gare ki?"

Matan suka kwashe da dariya. Umma ma ta yi, tana share ido da gefen mayafi, wai albasa ce.

Kabsar da aka ɗora, dafa-dukar shinkafa da kaza, ba ta ma tsotse ba aka kira Magariba. Ni kuma, tunda aikin makaranta ne, kuma an ce mutanen can ba sa wasa da lokaci, na miƙe na yi gyaran murya, na gode wa kowa, na ce lokacin tashi ya yi. Wasu har sun fara laluben takalma.

Umma ta tsallake ƙafafun mutane ta isa ƙofa. Ta murɗa makulli, ta zare shi, ta ƙulle a bakin zaninta.

"A Amurka ne ake tashi da Magariba," ta ce. "Ku yi alwala, a nan za mu yi salla. Na daɗe ban rasa inda zan sa ƙafa a gidana ba. Babu mai fita."