Na Yi Tallan Yaji Da Gigin Tsufan Mahaifiyata

Assalamu alaikum Edita, da ku masu karanta wannan mujalla. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa kafin na iya rubuto wannan. A lokacin da abin ya faru ni bazawara ce, aurena bai daɗe da mutuwa ba, na dawo gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi da 'ya'yana biyu. Ba ni da aiki, ba ni da jari, ga zuciya mai saurin jin kunyar roƙo. Daga ni da yarana sai mahaifiyata a gidan, muna kiran ta Inna. Yayana namiji, wanda shi ne babba, ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune da iyalinsa a Daurawa, shi ke kawo mana abinci da maganin Inna.

Sai na faɗa muku wace ce Inna kafin ku gane girman abin da na aikata. Malamar firamare ce, ta koyar a Tarauni har ta yi ritaya. Mace ce mai kamun kai ƙwarai. Tun ina yarinya ban taɓa jin muryarta ta tsallake katanga ba, kuma ko hoton biki za a ɗauka sai ta gyara mayafinta ta koma can baya. Bayan rasuwar mahaifinmu, wanda take kira Malam, gigin tsufa ya fara kama ta. Da farko mantuwa ce, ta ajiye abu ta rasa inda yake. Daga baya ta fara manta cewa Malam ya rasu. Kullum la'asar ta yi sai ta tambaya ko ya dawo daga ofis. Idan aka ce mata ya rasu, sai ta yi kuka sabo kamar yanzu aka faɗa mata, don haka muka daina faɗa. Mukan kawar mata da zancen ne kawai har ta manta.

A wurinta na koyi haɗa yaji, na daddawa da na tafarnuwa da na citta, da garin kunun gyaɗa. Da zama ya ishe ni, sai na fara yi ina ƙullawa a leda, maƙwabta na saya, ina kuma kai wa wasu masu kanti a kasuwar Tarauni. Cinikin bai taka kara ya karya ba. Wata ƙawata mai sayar da atamfa a Unguwa Uku ce ta ce mini zamani ya wuce ƙulli a leda, in buɗe shafi a kafar sada zumunta. Ita ta zauna da ni a tsakar gida ta buɗe mini. Muka zaɓi suna, muka sa lambar wayata, ta nuna mini yadda zan zuba yajin a robobi masu murfi, in jera su a kan farin zane kusa da taga don haske ya fito da launinsu. Ranar na kwanta da murna, ina ganin kamar na buɗe kanti a bakin titi.

Watanni suka wuce, shiru. Zan sa hoto in yi ta duba waya, ba mai tankawa sai ƙawar tawa da wasu 'yan uwa. Kuɗin data ma ya fi abin da shafin ke kawowa. Da na yi mata ƙorafi, sai ta ce mutane ba robar yaji suke zuwa kallo ba, fuska suke so da abin dariya, idan na samu abin da zai tsayar da su, kaya za su sayar da kansu. Ba da mugun nufi ta faɗa ba, kuma ba ta ambaci Inna ba. Wannan ni na yi shi da hannuna.

Wata rana da la'asar na jingina waya da turmi ina ɗaukar bidiyon yadda nake tankaɗe yaji. Ban lura Inna tana bayana a kan tabarma ba, ɗankwalinta ya zame, furfurarta a waje. Ƙaurin barkono ya sa ta atishawa, sai ta ɗaga murya irin ta aji, ta yi mini faɗa kamar ɗaliba, ta ce wace marar tarbiyya ce ke daka barkono ana karatu. Daga nan ta sassauta, ta dubi ƙofa, ta ce, "Malam bai dawo ba? To a rufe masa tuwonsa, kada ya huce." Da na kalli bidiyon daga baya na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma na san da tana cikin hankalinta ko inuwarta ba za ta yarda a nuna haka ba. Na riƙe wayar na ɗan lokaci. Sai na tuna maganar ƙawata, na ce ai mutane kaɗan ne za su gani, na sa.

Washegari wayata ba ta huta ba. Mutanen da ban taɓa sani ba suna ta yaɗa bidiyon, suna rubuta dariya a ƙasa, suka laƙaba mata suna Kakar Yaji. Masu neman kaya suka yi yawa har na ɗauki mata biyu suna taya ni daka, masu babur na zuwa ƙofar gida suna ɗauka suna kaiwa unguwanni. A karon farko tun mutuwar aurena na sayi abin da yarana suke so ba tare da na jira Yaya ba. Wannan daɗin shi ya rufe mini ido. Na lura duk bidiyon da babu Inna ba a kallonsa, don haka na fara sako ta da gangan. Daga nan na wuce jiran ta yi magana, na koma tsokano ta. Sai in kunna waya in ce mata Malam ya aiko yana hanya. Nan take fuskarta za ta washe, ta miƙe da kyar, ta ce a share tsakar gida, a ɗora ruwa, tana tambaya ko zanen jikinta ya yi kyau. Masu kallo a nan suke tsayawa, su yi dariya su wuce. Abin da ba su gani ba shi ne bayan na kashe wayar. Inna takan ja kujera ta zauna a bakin zaure tana kallon ƙofa har a kira magariba, ta ƙi cin abinci wai sai ya shigo. Ni kuma ina gefe ina amsa saƙonnin masu saye.

Akwai wata maƙwabciyarmu, dattijuwa Kirista 'yar kudancin Kaduna, wadda suka koyar tare da Inna shekaru da yawa. Ta shigo wata rana ta same ni ina liƙa takarda a robobi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce 'yarta ta nuna mata abin da nake sawa, kuma ta kasa barci. Ta ce rabin magidantan unguwar nan Inna ce ta koya musu riƙe fensir, har yau idan sun gan ta sukan rusuna, bai kamata su gan ta kai a buɗe ana yi mata dariya ba. Na ba ta amsar da har yanzu nake jin kunyarta. Na ce ai so ne mutane ke nuna wa Inna, kuma da wannan cinikin nake saya mata madara da kifi. Ta dube ni, ta je ta gyara wa Inna ɗankwali, ta fita. A raina har cewa na yi baƙin ciki take yi.

Yaya ba ya shiga waɗannan kafafen, shi ya sa abin ya daɗe bai kai gare shi ba. A ofis ya gani. Abokan aikinsa sun taru a kan waya ɗaya suna ƙyalƙyala dariya, ɗaya ya miƙo masa ya ce ya zo ya ga wata tsohuwa mai jiran miji. Ba su san uwarsa ba ce. Ya zo gida a ranar, idonsa jajir. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi da ya fi mini sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi ta maimaitawa, wai me Inna ta yi mini. Na fara kare kaina, na ɗauko wayar ina nuna masa yadda mutane ke yi mata addu'a a ƙasan bidiyon. Muna cikin haka bidiyon ya kunnu, Inna da ke zaune kusa ta leƙo. Ta ƙura wa wayar ido, ba ta gane kanta ba. Sai ta girgiza kai cikin tausayi ta ce, "Wayyo, baiwar Allah. Ita wannan ba ta da 'ya'ya ne da za su rufa mata asiri?" Yaya ya juya baya ya fashe da kuka. Ni kuwa na kashe bidiyon.

A ranar na goge duk bidiyon da take ciki. Na zaci shi ke nan. Ashe abin ya riga ya fita daga hannuna. Mutane sun sauke, sun yanke muryarta, sun mai da ita abin wasan barkwanci. 'Yan mata na ɗaura ɗankwali a karkace suna motsa baki da maganarta, samari na sa ta a kan bidiyon matan da mazansu suka yi dare a waje. Na bi wasu ina roƙo su cire, kaɗan suka cire, wasu suka ce ai yanzu ba tawa ba ce ni kaɗai, wasu ba su ma amsa ba. Kalmomin da Inna ke faɗa saboda kewar mijin da ta zauna da shi tun ƙuruciya, su ne suka zama abin da ake tsokanar juna da shi a gari.

Yaya ya ɗauke ta ya mai da ita gidansa a Daurawa, ya ce ba zai ƙara bar mini ita ba. Ban yi musu ba. Sai dai mai gigin tsufa ba ya son sabon wuri. A can ta ƙara rikicewa, kullum tana neman ɗakinta, tana cewa a mai da ita gida kada Malam ya dawo bai same ta ba. Wata rana da azahar matar Yaya na wanka, Inna ta buɗe ƙofa ta fita ba takalmi. Muka bazu muna nema, ni da Yaya da maƙwabta, har rana ta yi sanyi. A wajen Unguwar Gano aka same ta. Wasu matasa sun gane ta, amma maimakon su nemi gidansu sai suka kewaye ta da wayoyi suna tambayar ta ko Malam ya dawo, ita kuma tana amsa musu da gaske, tana roƙon su nuna mata hanya. Wani mai adaidaita sahu da ta taɓa koyarwa ne ya ratsa su, ya cire rigarsa ta sama ya rufa mata a kai, ya kawo ta Gyaɗi-Gyaɗi, gidan da ya sani. Tafin ƙafarta duk ya ƙone da zafin kwalta. Wannan bidiyon ma sai da ya zaga, kuma ba ni da bakin zagin waɗanda suka ɗauka, domin ni na koya musu tambayar.

Tun daga ranar ba ta ƙara lafiya ba. Ciwon ƙafar ya ƙi warkewa saboda tana da ciwon sukari, aka kwantar da ita a asibiti. Yaya ya bar ni in yi jinyarta, amma ba ya haɗa ido da ni. Wata safiya bayan na goge mata jiki na durƙusa a gaban gadon, na riƙe hannunta na ce ta yafe mini. Ta shafa kaina ta ce ta yafe, sannan ta tambaye ni 'yar gidan wa ce ni, me kuma na yi mata. Na samu kalmar yafiya, amma daga bakin wadda ba ta san laifin ba, kuma ba ta san mai roƙon ba. Bayan 'yan makonni Allah ya karɓi abarsa. Na san kwana ne ya ƙare, ba na ce ni na kashe ta ba. Amma a zaman makoki wata mata da ban sani ba ta riƙe hannuna ta ce Allah ya jiƙan Kakar Yaji, ta sha ba su dariya. Matar da ta yi rayuwarta duka tana tsare mutuncinta, da wannan sunan wasu suka zo yi mata ta'aziyya.

Na rufe shafin. Har yanzu ina yin yaji, ina kai wa masu kanti kamar da, abin da ya samu muna ci da yarana. Yaya yana amsa gaisuwata, yana yi wa yarana alheri, amma hirar da muke yi a da ta mutu. Muryar Inna kuwa ba ta mutu ba. Kwanakin baya ina cikin adaidaita sahu zan je kasuwa, wata budurwa kusa da ni tana kallon waya, sai kawai na ji Inna tana cewa a rufe masa tuwonsa. Yarinyar ta yi dariya ta wuce zuwa wani bidiyon. Na ce wa direba ya sauke ni, na tsaya a bakin titi ina kuka kamar ranar aka yi rasuwar.

Ban rubuto don in hana kowa buɗe shafin sana'a ba. Halal ne, kuma mata da yawa suna rufa wa kansu asiri da shi. Abin da na koya shi ne, yunwar a kalle ka tana shiga mutum a hankali, har ya fara ba da abin da ba nasa ba. 'Yan uwana masu ƙananan sana'o'i, ku nuna kayanku, ku nuna aikin hannunku, amma tsohon da hankalinsa ya gushe, da yaro ƙarami, da marar lafiya, ba su da bakin cewa a'a, kuma amana ce a hannunku. Abin da kuka sa sau ɗaya ya bar hannunku har abada, ko kun goge. Ku kuma da kuka taɓa jin wannan murya kuka yi dariya, ban riƙe ku ba, ni na miƙa muku. Roƙona ɗaya ne. Idan ta sake biyowa ta wayarku, kada ku tura wa kowa. Malama ce, uwar mutane ce, mijinta take jira. Ku ce Allah ya jiƙanta, ya sada ta da shi a Aljanna.