Kaset ɗin Walimar Hajiya

Ina aji huɗu a firamare, a gidanmu na Azare, tashar talabijin takan saka wani tsohon katun ranar Asabar da hantsi. Labarin wani ɗan zomo ne da ya ɓace cikin ƙanƙara yana neman uwarsa. Launinsa ya koɗe, Turancin kuma ba mai ji a cikinmu, amma ko sau nawa aka maimaita shi ba mu taɓa ƙosawa ba. Na zamani da 'ya'yana ke kallo a waya, masu ƙyalli da hayaniya, ko kusa ba su kama ƙafarsa ba a wurina.

Babbar 'yar kallonmu Hajiya ce, kakata ta wajen uba, ko da yake ba ta taɓa yarda ba. Sai ta jawo tabarma bakin ƙofar falo, wai iska take sha. Idan na tsokane ta sai ta ce, "Ke tafi can, ni da girmana zan kalli 'yan tsana?" Amma kerkeci na leƙowa, ita ce farkon mai salati.

Don kada in riƙa jiran Asabar, na yanke shawarar naɗe shi. Na taɓa jin cewa idan aka liƙe ramin kaset ɗin bidiyo da salatif, zai ɗauki sabon abu a kan tsohon. Kaset uku ne a gidan, duk Baba ya yi musu rubutu da ajami, ni kuma garin sauri ban tsaya haɗa baƙi ba. Sai da na gama na duba da kyau. Walimar dawowar Hajiya daga Makka ce na shafe, kuma ban da shi babu inda aka taɓa ɗaukar motsinta da muryarta. Na mayar da shi wurinsa, na ja bakina na yi gum.

Da daminar shekarar Hajiya ta rasu. Bayan sadakar arba'in, gwaggonnina da suka zo daga Gadau suka ce suna so su ga fuskar mahaifiyarsu kafin su koma. Baba ya saka kaset ɗin da hannunsa.

Sai ga ɗan zomo yana tsalle cikin ƙanƙara. Baba ya tura gaba, zomo ne. Ya sake turawa, zomo ne har ƙarshe. Babbar gwaggona ta fashe da kuka.

"Ni ce, Baba," na ce. Na so ya dake ni, da ya fi mini sauƙi.

Shi ɗan kasuwa ne, bai taɓa kai hantsin Asabar a gida ba.

"Wannan ne suke cewa tana kallo tare da ku?"

Na gyaɗa kai.

Ya mayar da kaset ɗin baya zuwa farkonsa, ya sauko daga kujera ya zauna a ƙasa kusa da ni. Da kerkeci ya leƙo daga bayan itace, sai ya dafa kafaɗata, idonsa ya ciko, ya ce, "To faɗa mini. A nan me take cewa?"