Tiyon da ya ɗaure Malam a gefena

Malam, maigidana, mutum ne mai sauri. Tun muna Damagaram yake tafiya a gaba ina biye, kamar yadda ya ga babansa yana yi, kuma zuwanmu Montreuil, a gefen Paris, bai sake masa hali ba. Wallahi na fi sanin ƙeyarsa da fuskarsa. A matakalar tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ciwon ya fara nuna kansa: shi yana can sama yana duba agogo, ni ina tsakiya riƙe da ƙarfe, ƙirjina kamar an ɗora masa turmi. Likitar Paris ta ce hawan jini ne, amma na huhu. Jijiyoyin sun matse, zuciya tana tura jini da ƙyar.

Daga baya aikinsa ya maida mu Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon. In gari ya yi wasai, daga tagar kicin ana hango duwatsu can nesa, farare fat da ƙanƙara, kamar ba su taɓa ƙasa ba. Sai in tsaya da kwano a hannu, ruwa yana ta zuba. Har mafarkinsu nake yi, ina yawo a kansu sakayau, ba haki, ba nauyi.

Ranar nan na ce, "Malam, ƙanƙarar can nake so in taɓa, kuma da ƙafata zan je mata."

Ya ce, "Ke da bene ɗaya yake kayarwa?"

Na yi masa shiru kwana da kwanaki, har ya gaji ya raka ni wurin likita. Ta ce can sama iska ba ta da kauri, huhuna zai ƙara matsewa. Da kwalbar iskar oksijen zan fi jure tafiya, amma kaɗan-kaɗan, kuma in jiri ya taso, a juyo nan take. Kwalbar ta fi ƙarfina, sai Malam ya goya ta a jaka. Tiyon da ya taho daga bayansa zuwa hancina bai wuce tsawon zane ba.

Ranar da muka je duwatsun, muna sauka daga mota Malam ya ɗauki hanya kamar kullum. Fit, tiyo ya fice daga hancina.

"Haba Malam! Da iskata za ka gudu?"

Ya dawo a guje, ya maida mini shi ta bayan kunnuwa. Daga nan kafaɗarsa ba ta sake barin tawa ba. In na taka ya taka, in na tsaya ya tsaya. Ko'ina tsit, sai hucin kwalbar, gajimare kuma yana wucewa ƙasa da mu. Na juya na ga furfura ta cika masa gefen kunne. Yaushe ta fito ban sani ba? Kuka ya kusa ƙwace mini.

Mun kai, na taɓa. Ashe sanyi ne kawai da jiƙa hannu, abin da na shekara ina mafarki!

A komowa gangara ce, numfashina lafiya lau, da na so da tuni mun isa mota. Sai na rage tafiya.

"Kin gaji?" ya tambaye ni, yana kallon fuskata.

Na ce, "Na gaji, Malam. Mu bi a hankali."