Layin Barandar da Malam Ya Hana Ni Gogewa

Shekara tara ke nan da mijina, Malam Bulus, ya yi barci cikin Ubangiji. Mutanen Kafanchan da suka wuce ta ajinsa suna tuna shi da fiziks, da tsohon kekensa, da yatsun da ba sa rabuwa da alli. Ni kuwa in na tuna shi, barandar gidanmu nake fara gani, da wani layin siminti mai kaushi da ya bi jikin bango daga ƙofar falo har bakin matakala. Wannan layin ne ɗanmu Danjuma ya zo daga Abuja bana da niyyar rufewa da tayil, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

A zamaninmu, mutuncin matar malami yana ƙasan barandarta. Kirsimeti na gabatowa sai ki narka kyandir, ki haɗa da kananzir da jan folish, ki durƙusa da tsumma ki yi ta gugar siminti har ki ga fuskarki a ciki. Matan zumunta in sun zo gaisuwa, ƙasa suke fara duba kafin su dubi mai gida. Ni kuma ban yarda a fi ni ba.

Shekarar da muka tare a gidan, na goge barandar nan tas. Ashe ranar Malam ya yi lissafi da ɗalibansa a aji, sun fitar da inda wani guntun katako zai tsaya in an tura shi a kan simintinmu. Ya kwaso su zuwa gida, ya ja layi da alli, ya durƙusa ya tura. Katako ya wuce layin ko sallama babu, ya faɗa cikin yakuwar da na shuka a bakin matakala. Yara suka bushe da dariya. Ya shafa ƙasa, ya sunsuna yatsa, ya ɗago ya ce, "Maman Danjuma, kin ɓata mini ansa." Ina shirin fushi sai na ga murna ce fal a fuskarsa. Daga ranar ya roƙe ni in bar masa layi ɗaya ba guga, domin yara su riƙa ganin bambanci da idonsu.

Na bar masa, amma ba da son raina ba. Baranda ja tana ƙyalli, ga wani layi toka-toka a gefe kamar an yi wa yaro aski ba a ƙarasa ba. Shekara da shekaru ina jin kunyarsa, in baƙi za su zo sai in jera kujeru a kai.

A kan layin nan na koyi abin da ban je makaranta na koya ba, ina tsintar wake ina saurare. Kullum da zane yake farawa. Ya zana akwati, ya ja kibiya ƙasa ya ce nauyi ke nan, ya ja wata sama ya ce ƙasa ce ke tare nauyin, sannan ya ja ta uku tana kallon baya. Wannan ta ukun ita ce gogayya, wato yadda ƙasa take riƙe abin da ke zamewa a kanta. Yakan ce wa yaran, 'yan Gwantu da Kagoma da ke zaune a gari saboda karatu, "Kar ka yi gaggawar neman nisa. Fara tambaya, me ke jan shi baya? In ka san wannan, za ka san yadda gudunsa ke raguwa, inda zai tsaya kuma zai fito da kansa." Wani lokaci sai ya ɗaura dutse a kan katakon, ya tambaye su ko zai fi saurin tsayawa. Kowa ya ce eh, har da ni daga bayan tiren wake. Sai ya tura shi da irin gudun farko, ya tsaya kusan wuri guda. Har yau abin yana ba ni mamaki.

Akwai wata tambaya da ya fi so, wadda littafi ke farawa da cewa a ɗauka ƙasa sumul take, babu gogayya ko kaɗan. Yakan ce a irin wannan wuri, abin da aka tura ba zai taɓa tsayawa ba. In ya faɗi haka sai ya kai idonsa kan duwatsun da ke can nesa. Tun da ya tafi, da rana in ruwa yana sauka a kan kwano ina gyangyaɗi a kujera, nakan ga katakon nan yana tafiya. Ya sauka daga baranda, ya haye layin dogo, ya bi ta cikin gonakin citta, ya wuce Jere, ba ya ƙara gudu ba ya ragewa, Malam kuma yana biye da shi da alli a hannu yana neman inda zai ja layi. Ba na jin tsoro in na ga haka. Kewarsa kawai nake ji.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da yau. Yara suna ɗaukar hoton tambaya da waya, amsa ta fito kafin su gama hamma. Na san ba zai zagi wayar ba, shi mai son sabon abu ne, amma zai ce a ajiye ta a zo a durƙusa a tura katako tukuna. Gidajen unguwarmu kuwa duk sun koma tayil, har majami'armu, kuma in damina ta yi ƙarfi za ka ga dattawa suna taka ƙofar shiga kamar masu tafiya a kan kuɓewa.

Danjuma ya iso da kwalayen tayil farare masu ƙyalli, don a gyara gida kafin addu'ar tunawa da babansa. Ya ce, "Mama, wannan filo ya tsufa. Mutane za su zo, za su ce ban kula da ke ba." Na san ƙauna ce, na kuma san in na ce don babansa nake son layin, zai ce Baba ba ya cikin siminti. Gaskiyarsa ce kuma. An ɗauke ruwa ke nan, feshi ya jiƙe barandar. Na shiga ɗaki na ɗauko katakon, na ce ya jera tayil ɗinsa a ƙasa ya yayyafa musu ruwa.

Ya yi dariya, amma ya durƙusa da wandonsa mai tsada, daidai yadda babansa ke durƙusawa. Ya tura a kan tayil, katako ya sulale ya faɗa ƙasan matakala. Ya ɗauko ya tura a kan layin Malam, ya ɗan ja ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa hannu ya zare silifas ɗina daga ƙafata, ya gwada shi a wuraren biyu.

Ya ce, "Mama, tun yaushe kike bi ta nan kawai?"

Na ce, "Tun da gwiwar nan ta fara."

Kwalayen suna nan a sito, ya ce sai ya nemo mai kaushi don cikin falo, baranda kuwa kar kowa ya taɓa.

Malam bai bar gona mai yawa ba, bai rubuta littafi ba, allin da ya yi ta ja a ƙasan nan ruwa ya wanke shi tuntuni. Ɗalibansa sun watsu, wasu sun yi furfura, ban san ko nawa ne cikinsu ke iya zana akwatin nan da kibau uku ba. Abin da na sani shi ne, wurin da na goge da hannuna har na ga fuskata, yau in ya jiƙe ba na iya taka shi. Wurin da na yi ta ɓoyewa da kujeru kuwa, shi ke riƙe ƙafata daga ƙofar falo har matakala. Ga hadari ma ya sake haɗowa, ina da wanki a igiya, kuma ta layin Malam zan bi in kwaso.