Jakin Kakata

Jiya wayar ɗana ta yi wani kiɗa, ƙit-ƙit, sai ga ni a tsakar gidanmu na Kwaya, ƙamshin ɗanyar gujiya ya cika mini hanci.

Shekarar da na shiga aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, kawuna ya kawo mana na'urar wasa daga Kano. A tele, akwatin talabijin, ake haɗa ta, batirin mota ke ba su wuta. Kaset mai kyau ɗaya ne a duk unguwar, na ƙwallo, kuma gida-gida yake zagayawa kamar turmin aro. Sai ya yi kwana tara bai waiwayo mu ba. A tsakani muna fama da namu: wani jaki mai jan amalanke yana tsallake ramuka. Kada ka tambaye ni kyansa. Jakin ya fi kama da akuya, tafiyarsa kuwa ta hawainiya. To, da babu gara ba daɗi.

Wannan sanyin jiki nasa shi ya sa kakata ta iya shi. Bayan la'asar, in ta gama ɓarar gujiya, sai ta goge hannu a zane ta karɓi abin latsawa, tana yi wa jakin faɗa kamar yana jinta. Ba ta taɓa wuce rami na biyar ba, amma kullum sai ta ce gobe.

Ni kuwa na raina shi. Na ba ɗan maƙwabtanmu shi, ya bar mini kwanakinsa na ƙwallo. Har ina ganin na yi wayo.

Da la'asar ta ce a kunna mata jakinta. Na sa na ƙwallo, na ce wannan ya fi. Ta latsa, ta latsa, 'yan wasa suka yi ta gudu suka bar ta. Sai ta miƙo mini.

"Wannan na masu sauri ne, maigidana. Yi abinka, ina kallo."

Ba ta yi faɗa ba, kuma shi ya fi ci mini rai. Na bi sawun kaset ɗin, aka ce an kai wa dangi a Yekuwa. Na hau amalanke na je, ban same shi ba. Ba ta sake taɓa na'urar ba har ta rasu.

Yau wasanni sun yi yawa, kowa da wayarsa a lungunsa. In na gama mai kyau, nakan sauko da wani na banza in yi kwana biyu da shi, ba kunya. Ɗana ya yi ta dariya. Amma ban taɓa goge wasa ba sai na zagaya gidan na tambaya ko akwai mai yin sa.